Ku Bar Ni Da Tom Ɗina Da Mamman Sani Na

Kun dai ga abin da ya faru a fada, wurin hirarmu, daren Juma'a, ba sai na maimaita ba. Wayata ta yi ƙara, kiɗan Mamman Sani, makaɗin nan na Nijar, ya tashi, hoton Tom, kyanwar katun ɗin Tom da Jerry, ya bayyana a fuskar wayar, sai wani ya ce wai magidanci da furfura bai kamata a gan shi da kyanwar yara da "kiɗan inji" ba. Har yanzu abin yana cina, kuma ba zan haɗiye shi ba.

Abin da ya raine ka ba abin kunya ba ne. Na faɗa a fada, ina sake faɗa a nan.

Muna yara, gidan maƙwabcinmu kaɗai ke da telbijin da bidiyo. Mu fi goma kan tabarma ɗaya, ƙafafu fururu, an ce kowa ya yi shiru ko a kore shi. Ba mu jin Faransanci, balle Ingilishi, amma Tom da Jerry ba su tambaye mu yare ba, don kusan ba sa magana. Ni kuma Tom nake so. Guduma ta sauka a kansa, ƙofa ta maƙale masa wutsiya, ya tashi ya kakkaɓe ya sake gwadawa. Tun 1940 da William Hanna da Joseph Barbera suka zana shi yake shan wuya, bai taɓa cewa ya gaji ba. Ranar da na faɗi jarrabawa, wallahi shi ya faɗo mini a rai.

Sai batun "kiɗan inji". Haba malam! Injin shi ya kaɗa kansa? Mamman Sani ya samu ogan, abin kiɗa na lantarki mai kama da piyano, ƙirar Italiya, ya zauna ya ɗora masa amon waƙoƙin gargajiyar Nijar, har da na Woɗaaɓe da na Buzaye. A 1978 ya naɗi kaset ɗinsa a Yamai. Shekara da shekaru kiɗansa ne ke cike tsakanin shirye-shirye a rediyo da telbijin na ƙasa, muna jin sa ba mu ma san sunan mai shi ba. Wannan amo mai sanyi, mai maimaita kansa a hankali kamar tafiyar raƙumi, da shi muka girma.

An ce mini ɓata lokaci ne. Mai wannan magana yana iya kwana yana gardama kan Real Madrid. An ce ba al'adarmu ba ce. To na Tom na yarda baƙo ne, amma Mamman Sani fa? Sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da faifan a 2013, Turawa suka gayyace shi wasa, sannan wasunmu suka fara ɗaga kai. Wannan ne abin kunya, ba hoton da ke wayata ba.

Af, tun da maganar kaset ta zo: a akwatin Baba, Allah ya jiƙansa, na tarar da guda ashirin da wani abu, zafi ya narkar da rabi. Don Allah, wanda ya san mai gyaran rediyon kaset a Maraɗi ya sanar da ni, nawa yana cin zare.