Ɓarawon Wutar Gidanmu

Gidanmu ba ya kan layin wutar lantarki, ko turke babu a kusa. Abin da muka dogara da shi farantan sola huɗu ne a kan rufi, batir biyu, da wata inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, da ta fi kowa baki a gidan. Da batir ya yi ƙasa sai ta kama tsuwa, tii tii tii, kamar ɗan tsakon da uwarsa ta ɓace.

Ranar da mai haɗa solar ya gama aiki, zaunar da ni ya yi ya buga min lissafi. Kowane batir bolt 12 ne, amfiya 200, in ka ninka ka sami wat 2,400 na tsawon awa guda. Biyun 4,800 ke nan. Amma irin mai ruwan asid ne, in ana so ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa. Wato 2,400 za mu yi ta lallaɓawa daga faɗuwar rana har fitowarta. Na gyaɗa kai kamar na gane, kuma daga ranar na naɗa kaina ministan wuta.

Na kafa dokoki. Cajin waya sai da rana. Talabijin awa ɗaya. Wanda ya fita ɗaki ya bar ƙwai a kunne, ranar ba shi ba kallo. Har auta, ɗan shekara biyar, ya ɗanɗana hukuncin nan sau biyu.

Duk da haka, kullum ƙarfe uku na dare sai tii tii tii. Fanka ta tsaya cak, zufa ta karyo, sauro ya zo gaisuwa.

Na ce lallai akwai ɓarawo. Na hau rufi da bokiti da tsumma na wanke ƙura da kashin tsuntsaye, don datti na rage abin da faranti ke samu. Caji ya ɗan ƙaru, tsuwar ta koma uku da rabi. Na koma kan firji, na kasa kunne a bayansa kamar likita, tun da na ji an ce in injinsa zai tashi yakan fizgi wuta ninkin abin da ya saba ci. Ba shi ba ne. Na laluba ƙarƙashin matashin babban ɗana, na kama waya a caji. Na ce alhamdulillahi, asiri ya tonu.

Washegari na tara kowa a falo. Ina cikin zuba jawabi sai 'yata ta ɗauko littafin lissafinta.

“Baba, cajar Yaya wat nawa take ci?”

“Goma,” na ce, ina hura hanci.

“Ƙwan fitila fa?”

“Tara.”

Ta tashi ta shiga ɗakina, ta fito da dutsen guga, ta juya gindinsa ta karanta: wat 1,000.

“Baba, wa yake guga da daddare?”

Falo ya yi tsit. Gaskiyar magana, ni mutum ne mai son karin guga ya tsaya kamar wuƙa, kuma sai kowa ya kwanta nake samun sukuni. Rabin awa kacal. Ban taɓa sa shi a lissafi ba, don a ganina abin da ba ya haske ba ya shan wuta.

Yarinyar ta ja biro. Rabin awa na guga wat 500 ne na tsawon awa guda, daidai da ƙwan auta ya yi awa 55 a kunne. Na ce ai dutsen yana ɗauke wuta da kansa in ya yi zafi. Ta ce to a raba biyu, har yanzu ya fi kwana da wuni.

Uwargida, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta gyara zama.

“Maigida, a ƙara da butar lantarkin da kake dafa ruwan wanka da ita da asuba, ko a bar ta sai zama na gaba?”

Butar wat 1,500 ce. Ban nemi a lissafa ba.

Yanzu da tsakar rana nake guga, lokacin da faranti ke cika batir, ina yi ina sharce gumi. An karɓe ma'aikatar wuta an ba uwargida, inbata kuma ta yi shiru har gari ya waye. Jiya da dare ina banɗaki, sabulu cike da ido, sai ƙwai ya ɗauke. Daga bakin ƙofa na ji muryar auta: “Baba, ka daɗe, wat tara ne fa!”