Kirista a zauren Firimesin: a bar zancen shan jini, a duba rantsuwa da addu'a

A majami'un Gombe, daga cikin gari har Billiri da Kaltungo, da zarar an ambaci ƙungiyar asiri sai hira ta koma kan shan jini da kuɗin tsafi da wane da aka ce ya ba da ɗansa. Hirar tana da daɗin saurare, amma ba ta raba kowa da ƙungiya. Ma'aikacin da ya yi shekaru a Legas ko Kalaba, abokan aiki suka kai shi zauren Firimesin, ya san bai ga jini ba. Lauyoyi da likitoci ya gani cikin baƙaƙen kwat, an tara kuɗin marayu, an ci abinci an watse. Idan fasto ya tsaya wa'azi yana cewa naman mutane suke ci, sai mutumin ya yi murmushi a ransa, ya ce lallai coci ba ta san abin da take faɗa ba, ya ci gaba da zuwa wuraren biyu.

A ganina zama ɗan irin wannan ƙungiya bai dace da bangaskiyar Kirista ba, kuma ba sai an yi musu ƙarya ko ɗaya ba kafin a nuna haka. Abin da suke yi a ɗakin taronsu ya isa hujja.

Tukuna a ware abin da ba shi ake nufi ba. Ƙungiyar ci gaban gari, adashen ma'aikata, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, Rotary ko Lions, duk ba sa cikin wannan magana, domin babu bagade a cikinsu, babu rantsuwar ɓoye sirri, kuma mutum yana iya karanta tsarin mulkinsu kafin ya biya sisi. Waɗanda ake nufi su ne masu matakan shiga da ibada tasu ta kansu: Firimesin, wadda babban zaurenta na farko ya kafu a Landan a 1717; AMORC, wadda aka kafa a Amurka a 1915, take koyar da mambobinta ta darussan da ake aiko musu; da Ogboni ta zamani, wadda wani limamin Angilikan, T.A.J. Ogunbiyi, ya kafa a Legas a 1914.

A tsarin Ingila, ga yadda ake shigar da mutum matakin farko na Firimesin. Mamba ɗaya ya gabatar da shi, wani ya goyi baya, a jefa ƙuri'a da ƙananan ƙwallaye farare da baƙaƙe. Ranar shiga a karɓe duk wani ƙarfe da kuɗi da ke jikinsa, a buɗe ƙirjinsa na hagu, a naɗe ƙafar wando ɗaya, a ɗaure masa idanu, a rataya masa igiya a wuya. A bakin ƙofa a ɗora masa tsinin wuƙa a ƙirji, a gabatar da shi a matsayin matalaucin da yake cikin duhu. Daga nan ya durƙusa, hannunsa na dama a kan Littafi Mai Tsarki, ya rantse ba zai taɓa tona asirin da za a nuna masa ba. Sai a tambaye shi abin da zuciyarsa ta fi so, ya ce haske, a kwance masa idanu.

A tsaya a nan. Mutumin da aka yi wa baftisma, yake cin Jibin Ubangiji, wataƙila ma dattijon ikilisiya ne, ya yarda a kira shi wanda yake cikin duhu, ya roƙi haske daga hannun shugaban zaure. Yesu kuwa ya ce shi ne hasken duniya, wanda ya bi shi ba zai yi tafiya cikin duhu ba, kamar yadda yake a Yohanna 8:12. Mambobi za su ce ai misali ne kawai, kamar wasan kwaikwayo. To, amma wasan da ake yi a durƙushe, da hannu a kan Littafi, da sunan Allah a baki, ya wuce wasa.

Rantsuwar kanta ita ce ta fi nauyi. Ana ɗaukar ta kafin mutum ya san abin da zai ɓoye. A tsohon lafazinta, mai shiga matakin farko yana amincewa a yanke masa maƙogwaro a cire harshensa in ya tona asiri. A mataki na biyu a fasa ƙirji a cire zuciya. A na uku a raba jikinsa biyu. Gaskiya ne a 1986 babban zauren Ingila ya cire waɗannan hukunce-hukunce daga cikin rantsuwar, ya bar su a matsayin bayanin tarihi a wani ɓangaren bikin, kuma mambobi sun daɗe suna cewa ba a aiwatar da su. Wannan bai warware matsalar ba. In da gaske ake yi, mutum ya jinginar da ran da ba mallakarsa ba ne. In kuwa ba da gaske ba ne, an kira sunan Allah a banza. Matiyu 5:34-37 da Yakubu 5:12 sun ce i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a. Ko masu fassara ayoyin da sassauci, suna halatta rantsuwar kotu da ta kama aiki, sun san waɗannan a bainar jama'a ake yin su, a kan abin da aka sani. Hirudus ya yi rantsuwa bai san abin da za a roƙa ba, kan Yohanna Mai Baftisma ne ya biya.

Sai addu'a. Sharaɗin shiga Firimesin shi ne yarda da Mahalicci, ko wane ne shi a wurin mutum. Ana kiransa Babban Magini na Duniya, ana hana muhawarar addini da ta siyasa a cikin zaure, kuma a matakai ukun farko ba a rufe addu'a da sunan Yesu. A inda mambobi suke da addinai daban-daban, ana iya ajiye littattafansu masu tsarki tare. Kada a yi mini mummunar fahimta: a Gombe Kirista da Musulmi suna zama kwamiti ɗaya, wannan ya buɗe taro da addu'a, wancan ya rufe, kowa da sunan da ya gaskata, babu wanda ya yi asara. Na zaure daban ne. A can an ƙirƙiro addu'a ta uku wadda ba ta kowa ba, aka ce Kirista ya ajiye sunan Almasihu a bakin ƙofa domin zumunci ya ɗore. Kuma koyarwar da ake nanatawa, ta hanyar farin ƙyallen fatar rago da ake ɗaurawa a ƙugu, ita ce tsarkin hali ne yake kai mutum ga saduwa da Mahalicci. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto ta alheri ne, ba ta ayyuka ba.

Manyan ikilisiyoyi sun daɗe da auna wannan. Fafaroma Kilement na 12 ya haramta shiga Firimesin tun 1738. A ranar 26 ga Nuwamba 1983 ofishin koyarwa na Batikan, a ƙarƙashin Kadinal Ratzinger, ya bayyana cewa ɗan Katolikan da ya shiga yana cikin babban zunubi kuma ba zai karɓi Jibi ba, aka sake jaddada hakan a 2023. Methodis na Birtaniya sun shawarci mambobinsu a 1985 kada su shiga. A 1987 majalisar Cocin Ingila ta karɓi rahoton da ya nuna manyan dalilan shakkar dacewar Firimesin da Kiristanci. Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen: Geoffrey Fisher, wanda ya shugabanci Cocin Ingila daga 1945 zuwa 1961, ɗan Firimesin ne, kuma Baftis na Kudancin Amurka a 1993, bayan sun lissafa abubuwan da suka saɓa wa bangaskiya, sun bar wa kowa lamirinsa. Wannan yana nuna mutanen kirki sun shiga. Bai amsa tambayar rantsuwa da addu'a ba.

A gida kuwa akwai doka. Sashe na 38(4) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar zama ɗan ƙungiyar asiri ba, sashe na 318 ya fayyace ta, wasu sassan kuma sun hana mambanta takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. AMORC ta taɓa kai mujallar Today's Challenge ta ECWA kotu kan ɓata suna, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 1994 ƙungiyar ta sha kaye. Mujallar ta tsira ne domin ta dogara da rubuce-rubucen ƙungiyar kanta, kuma a nan dattawan ikilisiya suke yawan yin tuntuɓe.

Zobe a yatsa, sabuwar mota, ko mafarkin da wata ta yi ba shaida ba ne. Shaida ita ce amincewar mutumin da bakinsa, ko katin mamba, ko rasit ɗin kuɗin shekara, ko kayan ƙungiya, ko wanda ya gan shi da idonsa. Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi a koma da mutum ɗaya ko biyu, sannan maganar ta je gaban dattawa. In dattijo ne ake zargi, 1 Timoti 5:19 ta ce sai da shaidu biyu ko uku. Wanda ya tsallake wannan ya kira suna a gaban jama'a ranar Lahadi ya raba iyali, ya kuma buɗe wa ikilisiya ƙofar ƙarar ɓata suna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne awo biyu: talaka a sa shi a horo kan raɗe-raɗi, mai ba da buhunan siminti na ginin majami'a kuwa a kau da kai ko da kowa ya sani.

Matasa kuma su lura da masu tallar Illuminati a Facebook da WhatsApp, masu cewa a turo kuɗin rajista a zama attajiri. Ainihin ƙungiyar mai wannan suna an kafa ta a Jamus a 1776, hukuma ta murƙushe ta cikin shekara goma. Masu turo saƙon 'yan damfara ne, kuɗin da hotunan da aka tura musu su za su yi amfani da su wajen tsoratar da mutum.

Wanda yake son fita, ya rubuta wa sakataren zauren takardar murabus mai kwanan wata, ya biya bashin kuɗin shekara in akwai domin kada a sami abin riƙe shi, ya ajiye kwafi, ya mayar da kayan ƙungiya, ya dakatar da darussan da ake aiko masa. Tsoron rantsuwa ne yake ɗaure yawancinsu. Littafin Firistoci 5:4-5 ya yi maganar wanda ya rantse da garaje, daga baya ya gane: abin da aka ce ya yi shi ne ya furta laifinsa, ba ya cika rantsuwar ba. Bai kamata dattawa su tilasta masa kiran sunayen wasu ko ba da shaida mai ban tsoro a gaban jama'a ba, domin a nan ne ake fara ƙara gishiri.

Kuma ya gaya wa matarsa da babban ɗansa, ya ba fasto kwafin takardar. Rigimar da ba a kashe da rai ba ranar jana'iza take tashi, lokacin da baƙi za su iso su ce suna da abin da za su yi a kan gawa, iyali ba su san da zancen ba, fasto kuma ya ce ba zai yi sujada ba. In takardar murabus tana cikin fayil ɗin ikilisiya, sakatare ya ɗauko ta ya nuna musu, a ci gaba da jana'iza.