Ni da simintin samarin unguwa

Likitar da ta auna min suga ce ta jawo min. Wai daga shekara 30 tsokar mutum take fara zaizayewa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, a haura 60 kuma abin ya ƙara gudu. Wai tsoka ce ke shanye sugan jini, ɗaga nauyi yana ƙarfafa ƙashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a riƙa yi aƙalla kwana 2 a mako. Na ce to.

Da la'asar na leƙa kangon nan da samari ke ɗaga simintin da suka daskarar a gwangwanin fenti. Suka ce, "Kawu, fara da ƙaramin." Ni da nake saɓa buhun gero tun zamanin Shagari? Na rungumi babban, ina tsugunawa ina miƙewa, suna ta tafi.

Cikinsu babu wanda ya faɗa min ciwon sai ya kwana biyu yake isowa. Magariba ce, ga ni a sahun gaba. Ruku'u ya wuce da ɗan nishi. Sujada kuwa zubewa na yi. Liman ya yi kabbara, kowa ya miƙe, cinyoyina suka ce ba da su ba. Na dafa tabarma, na yunƙura, na ɗago rabi, na koma. Na sake. Hula ta gangara gaban liman. An kusa cewa amin ina nan a durƙushe kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Baba mai itace ne, wanda ya haura 70 kuma har yau da kansa yake faskare, ya zura hannu ɗaya a hammatata ya tsayar da ni, ko waiwayowa bai yi ba.

Shi ban ji haushinsa ba. Mai shayi ne. Ana sallamewa, ko tasbihi bai yi ba, ya ɗaga murya: "Alhaji, a kawo kujera ne gobe?" Mutumin da nake bin canji tun azumi! Kullum babu canji, amma ya iya lura da gwiwar mutane daga sahu na uku. Shayin ma ruwa ne zalla, kowa ya sani.

Hajiya ta gasa min cinya da ruwan zafi tana ƙunshe dariya. Yanzu ƙaramin gwangwanin nake ɗagawa, da asuba, kafin yaran su tashi. Canjin dai har yanzu shiru.