'Yanci biyu aka nema a Arewa, ɗaya ne ya iso cikakke

Jama'a, duk shekara in 1 ga Oktoba ta zagayo sai gardamar nan ta tashi a nan Katsina, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura: an samu 'yanci ko ba a samu ba? Wani ya ce gara zamanin Bature, wani ya ce ai ko banza tutarmu ce ke kaɗawa. Ni a ganina tambayar ce ba a yi ta daidai ba. 'Yancin da iyayenmu suka nema iri biyu ne, kuma masu neman su ba sa ga maciji da juna.

Na farko shi ne na Sardauna da jam'iyyar NPC. Tsoronsu kada Bature ya tashi ɗan Kudu ya gaje kujerarsa, tunda Arewa ba ta da isassun 'yan boko. Shi ya sa a 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bari sai an shirya. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, abin ya kai ga tarzoma a Kano a watan Mayu. Yamma da Gabas suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa sai Maris 1959. Wannan burin ya cika. Kwalejin Katsina ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma jihar nan kaɗai ta ba ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari. Maganar kujera dai ba a bar mu a baya ba.

Na biyu shi ne na jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Su Malam Aminu Kano ba Bature kaɗai suke kuka da shi ba, har da En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, domin ita talaka yake gani ido da ido. Matasanmu da yawa ba su san yadda ta yi aiki ba. Mai unguwa ya bi gida-gida ya ƙirga mazan da suka isa biyan haraji, dagaci ya haɗa kuɗin, hakimi ya kai baitulmali. A can a ware kason Turawa, sauran a biya albashin sarki da ma'aikatansa. Bafulatani kuma jangali a kan kowace saniya. Wanda ya kasa biya, ɗan doka na En'e ne zai kama shi, alƙalin En'e ya yanke masa hukunci, gidan yarin En'e ya karɓe shi. Hannu guda ke karɓa, shi ke kamawa, shi ke ɗaurewa. Kuma haraji da tsabar kuɗi ake biya, don haka dole manomi ya shuka gyaɗa ko auduga, ya sayar a farashin da hukumar cinikin amfanin gona ta yanka, wanda bai kai na kasuwar duniya ba. Rarar tana zama a hannun gwamnati.

To, da aka sauke tutar Ingila a 1960, me ya canza a cikin wannan? Kusan babu. En'e tana nan, haraji yana nan, hukumar gyaɗa tana nan. Matan Arewa ma ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, duk da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha. Bayan juyin mulkin 1966 ne sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, matanmu suka fara zaɓe. A 1979 Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, lokacin Katsina da Daura suna cikin jihar Kaduna. (Abin da ba a son faɗa: yawancin buƙatun NEPU masu kaki ne suka biya su, ba 'yan siyasar jamhuriya ta farko ba.)

Nan ne maganar ta yi nauyi. An sauke wa talaka kaya, Alhamdu lillahi, kuma babu mai hankalin da zai nemi a dawo da bulalar ɗan doka. Amma da can kuɗin hukuma daga aljihun manomi yake hawa sama, don haka hakimi ya san yawan mutanensa, ya san in fari ya ci gero a ƙasarsa shi ma zai ji a jikinsa. Yanzu kuɗin daga Abuja yake saukowa. Kowane wata a zauna a raba abin da ya shiga asusun tarayya, har da na man fetur: kashi 52.68 cikin ɗari na gwamnatin tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi 774. Ciyaman ba ya buƙatar noman kowa ya yi kyau kafin kasonsa ya zo.

Kason ma ba kai tsaye yake zuwa ba. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. A nan ake zaftare albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Zaɓen ciyamomi kuma hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, shi ya sa a kusan kowace jiha jam'iyya mai mulki ke cinye kujerun kaf. Mutumin da aka ɗauko haka, ku gaya mini, wa zai ji tsoro, gwamna ko mai unguwa? A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa doka. Hukunci ne mai kyau, sai dai aiwatar da shi yana jan ƙafa.

Sai kuma abin da ya fi ciwo. A ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, ta wajen Batsari da Safana da Jibiya, haraji ya dawo ta ƙofar baya. 'Yan bindiga ne ke yanka wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake yankawa kafin girbi, mutanen gari su yi karo-karo su kai. An gudu ba a tsira ba ke nan. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Rundunar 'yan sanda kuwa guda ce tal, umarninta daga Abuja. Har sai da gwamnatin jiha ta kafa nata dakarun tsaron al'umma a 2023, wato an koma neman ɗan doka na gida wanda ya san hanyoyin daji. Na yarda da bukatarsa, amma da sharaɗin da NEPU ta yi kuka a kai: wanda ya kama kada ya zama shi ke hukuntawa.

Ga mai son ya auna da kansa, ofishin Akanta Janar na tarayya yana fitar da abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu wata-wata, ana samunsa a intanet. Mu a nan 34 gare mu. Ka nemo na taka na watanni uku a jere, ka je wa kansilan mazaɓarku da shi. Ka tambaye shi nawa ya shiga asusun ƙaramar hukuma a zahiri, nawa aka cire na albashi, kuma a abin da ya rage wane aji aka yi wa rufi, wane famfo aka gyara, wane asibitin sha-ka-tafi aka kai wa magani. Ku je ku biyar ko goma, da mai unguwa a cikinku, ku ce ya ba ku amsar a rubuce.