Kowa da kiɗan da ke kiran sunansa

A motar haya daga Kano zuwa Katsina, direba ya sa waƙar soyayya ta zamani. Wani dattijo a gidan gaba ya ce, "Yaro, don Allah rage mana wannan hayaniyar." Da aka sauya zuwa kalangun Shata, sai ga baba yana kaɗa kai, 'yan matan da ke baya kuma suka soka iyafis a kunne.

A ganina, dattijon bai fi yaran kunne ba. Abin da ya rasa a waƙarsu shi ne kansa. A ƙasar Hausa kiɗa yana da mai shi: kalangu na mahauta, dundufa na maƙera, gangar noma ta manoma, taushi da kotso na fada, ƙwarya ta mata a cikin gida. Mutum ma yana da takensa. Na taɓa ganin mahauci ya ajiye wuƙa, jikinsa na tsuma, don an kaɗa taken gidansu. Wanda ya tashi a haka, in ya ji kiɗan da bai ambaci gari ko sana'a ko kakan kowa ba, dole ya ji kamar ba da shi ake ba.

Yaran kuwa wata duniya suka tarar. Shata ya rasu a 1999, kafin a haifi yawancinsu. Kunnensu ya buɗe ne da fiyanon situdiyo da waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda suka sha ruwa daga finafinan Indiya da iyayen nasu suka yi ta cika silima a Kano don kallo. Da su aka yi musu kamu da dina, da su suka fara soyayya. To me zai sa ba za su so su ba?

Masu cewa kiɗan da duk tarbiyya ne su tuna yadda malamai suka ƙyamaci goge, da yadda ake kallon mai zuwa gidan da ake yinsa.

Abu ɗaya ke damuna da na yanzu: na'urar gyaran murya. Tana goge kaushin da ke bambanta mawaƙi da mawaƙi. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ko daga bayan katanga ta buɗe baki ka san ita ce. A motar nan waƙa huɗu aka jera mana kafin dattijon ya yi magana, sai da direba ya gaya mini sannan na san mutum huɗu ne suka rera su.