Rance ga wanda ruwa ya ci gidansa ba agaji ba ne

Abin da ke ƙona min rai duk lokacin da ambaliya ta janye shi ne yadda ake tara 'yan jarida a yi shelar "tallafi", sai an bi takardar a tsanake a tarar bashi ne aka sa wa babbar riga.

Ku tuna Pakistan. Ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta lalata gidaje sama da miliyan 2. A Janairun 2023 aka taru a Geneva aka yi alƙawarin sama da dala biliyan 9, aka sha tafi. Ba a jima ba ministan kuɗin ƙasar na lokacin, Ishaq Dar, ya fito ya ce kusan kashi 90 cikin 100 rance ne.

Haka ake yi wa magidanci ma. A Amurka, kyautar da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, ke bayarwa tana da iyaka, ba ta isa sake gina gida. Sauran sai mutum ya nemi rancen gwamnati da biyansa kan kai shekara 30, alhali wani bai gama biyan bashin gidan da ruwa ya ci ba.

Rance ga ɗan kasuwa na gane, jari yana juyawa. Amma ɗakin kwana me yake haifarwa? Mutum yana tsaye cikin taɓo, katifa a shanye kan katanga, shaidar ruwa har wuya a jikin bango, a miƙa masa fom a ce ya kawo takardar mallakar gida da shaidar samun kuɗi. Takardar da ruwa ya tafi da ita! Mai albashi da tsohon ajiya ya wuce, wanda ya fi buƙata a ce bai cancanta ba.

Masu cewa kyauta tana sa mutane su sake gini a hanyar ruwa, da alama ba su taɓa tambayar wa ya sa hannu aka yanka filin ba.

Jamus ta ware yuro biliyan 30 bayan ambaliyar 2021, tana biyan mai gida har kashi 80 na asararsa. Ba kowace ƙasa ke da wannan aljihun ba, na sani. To a ba da ɗan abin da ake da shi kyauta, kashi-kashi, daga tushe zuwa rufi, a kan tudu. Sauran kuma a kira shi da sunansa, bashi.