Yadda Na Kama Mai Hawan Akawal Cikin Dare

Tun da na faɗa karatun littattafan binciken laifi da Turawan Ingila ke rubutawa a kan sukuwar dawaki, na daina kallon barga a matsayin wurin da doki ke cin harawa kawai. A cikin waɗannan littattafai babu dokin da ke kwanciya ciwo haka siddan. Ko dai an yi masa allura cikin dare, ko an sayi mahayinsa, ko kuma an musanya shi da wani mai kama da shi. A nan na san cewa tun 1780 ake yin tseren Dabi a Epsom, cewa a babban tseren Aintree kusa da Libaful doki yakan tsallake shinge 30, kuma ana auna nauyin mahayi tare da sirdinsa kafin tsere da bayansa, sannan a ɗebi fitsarin dokin da ya ci tseren a gwada. Na adana wannan ilimi ina jiran ranar da Katsina za ta buƙace shi.

Kawuna yana da wani akawal a gidansa da ke wajen Ƙofar Guga, wanda yake ji da shi fiye da yadda yake ji da mu 'ya'yan 'yan uwansa. Duk lokacin da na kawo masa zancen Epsom sai ya ce garin da Sarki Dikko ya mulka, wanda ya je Ingila da kansa a 1921, garin da Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan folo, ba ya neman darasin doki daga mutumin da ko jaki bai taɓa hawa ba. Maganar jakin gaskiya ce, amma ban ga abin da ya kawo ta ba.

Saura mako biyu a yi wata sukuwa da Kawu ya sa ransa a kai, na shiga barga da safe na tarar da akawal a turke yana lumshe ido kamar wanda ya kwana tashe. Na zagaya shi a hankali. A gadon bayansa akwai busasshen gumi da ya yi fari daidai inda sirdi ke zama, ga sawun majayi a cikinsa, ga kuma ƙarangiya maƙale a wutsiyarsa, alhali babu inda ƙarangiya take a cikin gidan. Kwadon ƙofa kuwa lafiya lau, ba a fasa shi ba. Nan take na gane cewa wani na gida ne yake fitar da dokin da dare yana gajiyar da shi, kuma lalle abokan hamayya ne suka biya shi.

Zargina ya sauka kan yaron barga, domin a makon nan ya yi sabuwar waya. Na zaunar da shi a kan buhun dusa na yi masa tambayoyi goma sha biyu, ina rubutawa a ɗan littafi, amma amsarsa ɗaya ce: "Yaya, don Allah ka tambayi Alhaji." Na rubuta cewa yana kauce wa tambaya. Da na kai wa Kawu rahoto, sai ya dube ni tsawon lokaci ya ce, "Kai ɗan nan, ka fita harkar dokin nan." Na rubuta cewa Kawu mutum ne mai yawan yarda da mutane, kuma dole a cece shi ko da bai so ba.

Daren Alhamis na gaya wa maiɗakina cewa zan kwana jinyar aboki, na lallaɓa na ɓuya a bayan tarin harawa riƙe da bargon doki. Hunturu ne sosai, ɓeraye kuma suka mai da ƙafafuna hanya. Littattafan ba su taɓa faɗa mini cewa harawa tana sa ƙaiƙayi ba. Gab da kiran assalatu na ji motsin makulli, wani mutum ya shigo ya rufe fuskarsa da rawani, ya ɗauko sirdi ba tare da ya kunna fitila ba, kamar wanda ya san wurin kowane ƙusa. Na jira har ya sunkuya zai ɗaure majayi, sannan na yi bismilla, na lulluɓe shi da bargon, na danne shi, na kwarma ihun ɓarawo da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Akawal ya zabura ya yi haniniya, ya harbi bokitin ruwa ya juye a kanmu. Kafin a ce haka maƙwabta sun cika gidan da tocila da sanduna, har da limamin unguwa riƙe da buta. Ina zaune a kan mai laifi ina bayyana wa jama'a hujjar ƙarangiya, sai wata murya da na sani tun ina cikin tsumma ta fito daga ƙarƙashin bargon ta ce, "In ka gama, ka ɗaga mini ƙugu."

Ashe Kawu ne da kansa yake fitar da dokin kilisa bayan gari kafin gari ya waye, don kada masu sauran dawakin su ga irin gudun da yake yi. Sirrin da ya ɓoye kwana goma sha ɗaya, ni na tona shi a gaban rabin unguwa, kuma kafin azahar labarin ya isa Ƙofar Soro. Bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya dai ce tunda ina son barga haka, kwasar kashin doki ta koma hannuna har zuwa ranar sukuwa.

Akawal ya zo na huɗu. Kawu ya ce ƙugunsa ne ya hana shi ƙarasa horon, kuma har yau idan ya tashi daga tabarma sai ya dafa shi ya dube ni. Yaron barga kuwa, duk inda muka haɗu sai ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Yaya, ko akwai sauran tambaya?"